Kwalin Takalmin Mis Ozella

A garinmu Tallow Creek, idan ka sayi sabon takalmi, kafin ka gama ɗaure igiyarsa Mis Ozella Crenshaw ta samu labari. Ba takalmin ne ya dame ta ba, in ka ga dama ka shiga taɓo da shi, ruwanka. Kwalin take so. Ranar Lahadi a coci, ana tsakiyar waƙa, sai ka ga ta sunkuyar da kai kamar mai addu'a, alhali ƙafafun jama'a take bi da ido layi-layi. Ana tashi za ta tare ka a bakin ƙofa.

"Ɗan'uwa Otis, takalmin nan ya karɓe ka. Ina gidansa?"

"'Yar'uwa Ozella, ai matata ta zuba wasiƙu a ciki."

"Ta nema musu wani masaukin. Gobe da safe zan biyo."

Kuma sai ta biyo. Ba a taɓa jin wanda ya yi nasara a kanta ba, har Fasto.

An haife ta a gonar auduga a shekarar 1907, ita ce babba cikin 'ya'ya tara, don haka tun kanta bai kai tsayin murhu ba take juya tukunya. Kwali na farko da ta ga an shirya na kawunta ne, ranar da zai hau jirgin ƙasa zuwa Detroit. A jirgin akwai taragon cin abinci, amma ba na irinmu ba ne. Uwarta ta soya kaza, ta jera a kwalin takalmi, ta ɗaure da igiya, ta ce wa 'yar, "Duba da kyau. Baƙin mutum ba ya fita hanya da cikinsa a hannun wani." Maganar ta zauna mata har ta koma ga Mahaliccinta tana da shekara casa'in da ɗaya.

Ta auri Purvis Crenshaw, gajeren mutum mai surutu kamar rediyo, direban bas ɗin sakandaren baƙaƙen fata ta garinmu. Ita kuma ta zama mai dafa abincin makarantar. Allah bai ba su haihuwa ba. Masu bakin da ba ya rufuwa sukan yi mata jaje, sai ta ce su riƙe jajensu, kowace shekara ana ba ta 'ya'ya goma sha biyu, kuma an riga an yaye su. 'Yan ƙwallon kwando take nufi.

Kowa ya san yadda hanya take a lokacin. Wasa yana iya kai yara mil ɗari, su wuce gidajen abinci ashirin, babu inda za su zauna. Wani wurin a miƙo maka ta tagar baya kusa da kwandon shara, wani wurin ko ruwa ba za a ba ka ba. To, yaran Mis Ozella ba sa zagayawa baya. Kowa da kwalinsa a cinya, sunansa a kan murfi da fensir.

Kada ka ɗauka shirya kwali wasa ne. Da asuba take soya kazar, ta baje ta a kan ragar waya ta huce sarai, domin in ka rufe kaza da zafinta sai ta yi gumi ta saki jiki, kuma a wurin Mis Ozella wannan zunubi ne da ya kamata Fasto ya riƙa wa'azi a kansa. Yanka biyu na kaza, dafaffen ƙwai biyu, gishiri a ƙulle cikin 'yar takarda, burodin masara, sai yankan kek a kusurwar da dunduniyar takalmi take zama. Ta ɗaure da igiya, irin ƙullin da ita kaɗai ta iya.

Dokokinta uku ne, kuma sun fi na gwamnati aiki. Kek shi ne na ƙarshe. Ƙashi sai an side shi tas, don tana dubawa in an dawo. Babbar dokar kuwa, ba a buɗe kwali sai an haye gadar ƙarfe, mil goma sha biyu daga gari, sai kuma ta juyo daga kujerarta ta bayan direba ta ce, "To, ku buɗe." Dalili a fili yake. Shekarar farko da ta bar su, yaran sun cinye komai tun bas bai fita harabar makaranta ba, suka yini suna kallon juna da yunwa.

Purvis kuwa, mugun mutum, da ya hango gada sai ya sassauta ƙafa, bas ya dinga rarrafe.

"Mista Purvis, don Allah taka mana!"

"Gadar nan ta tsufa, 'ya'yana. Sai a hankali. Ni ma ina da mata."

"Matar taka ma tana cikin motar."

"Shi ya sa nake ƙara kiyayewa."

A kaka ta 1953 Cleophus Rayford ya shigo makarantar, ɗan wata bazawara mai wankau, shekararsa goma sha huɗu, sai ya sunkuya yake shiga aji. Siriri ne, ba shi da magana, kullum kamar yana ba da haƙuri a kan tsayinsa. Babu takalmin da ya shige shi a duk gundumar, sai daga Memphis aka aiko da lamba goma sha bakwai. Ranar da ya iso, Koci Bascom, mai horar da 'yan wasan, yana ta yaba takalmin, Mis Ozella kuwa ta rungume kwalin, ta zagaya shi da ido, ta ce, "Wannan ai kaza guda zai ci."

Kaza guda kuwa ta riƙa sa masa. Sauran yaran suka yi ca, wai son kai ne.

"Mai ƙorafi ya je ya ƙaro ƙafa," in ji ta. "Ni kwali nake cikawa, ba ni na halicce ku ba."

Tana son yaron, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ga yadda yake cin abinci a natse, yana kare kwalin da hannu ɗaya kamar za a ƙwace, ta gane gidan da ya fito ba kullum ake ɗora tukunya ba. Fiffike ne kawai bai iya ci ba. Kowace tafiya sai ta zaro shi daga kwalin ta mayar masa. "Akwai nama a jikinsa. Kazar nan ba don ka yi mata wasa ta mutu ba."

A filin wasa kuwa wani mutum ne daban. Sauran yara jefa ƙwallo a kwando ne burinsu, shi hana mutane jefawa ne sana'arsa. Ɗan wasa zai taso da gudu, ya yi tsalle, ya saki ƙwallo, har 'yan garinsu sun fara ihu, sai wani dogon hannu ya fito daga inda ba a zata ba ya taɓe ta, ba da ƙarfi ba, a hankali, ta faɗa hannun ɗan garinmu. Mis Ozella ba ta taɓa fahimtar dokokin wasan ba. Abin da ta sani, idan Cleophus ya miƙe, mutanen can gefe sukan yi shiru, ita kuma sai ta gyara hularta ta ce wa duk wanda ke kusa, "Kazata ce ke aiki."

A 1957 suka ci kofin makarantun baƙaƙen fata na jiha baki ɗaya, a birnin Marston. Jaridar fararen fata ta ba su layi uku, ƙarƙashin farashin aladu. Ranar Koci Bascom farin ciki ya ɗebe shi, ya ce yau kam zakaru za su ci abinci a kan tebur. Ya sa Purvis ya tsaya a gaban gidan abincin wani Mista Hatcher, mai koren labule, ya gyara kwat ya shiga. Bai yi minti biyu ba ya fito. Babu wanda ya tambaye shi yadda aka yi.

"To, me?" in ji Mis Ozella. "Na shirya kwalayen dawowa. Ku buɗe."

Suka ci a cikin bas, a gaban koren labulen, kofin yana zaune a kujera shi kaɗai. Yara suka ci gaba da waƙa da tsokanar juna. Cleophus dai ta taga yake kallo. Da ta duba kwalayen washegari, ta tarar da kek ɗinsa yadda ta sa shi. Ta ce ko gajiya ce.

Ya tafi jami'a, sunansa ya fara fitowa a jaridun da suka fi na Marston girma. A bazarar 1960, lokacin da ɗalibai suka fara zama a gidajen abincin fararen fata suna ƙin tashi, ya dawo gida ya tara matasa goma sha uku. Za su je wurin Hatcher, su shiga ta ƙofar gaba, su zauna har a ba su abinci ko a ɗauke su. Mis Ozella ta ji a coci. Ta san abu ɗaya, yara za su haye gada, kuma inda za su ba za a ba su ko loma ba. Ta soya kaji, ta shirya kwali goma sha huɗu, ta sauko da babban nasa wanda take ajiye da shi tun yana makaranta.

A harabar coci ta same su da hantsi, sun sha farar riga da lakataye, suna shiga motoci. Ta fara rabo. Da ta zo kansa ta miƙa, sai ya sa hannuwansa a baya.

"A'a, Mis Ozella."

"A'a me? Guda ce, har da fiffiken da ba ka iya ci ba."

"Ba zan karɓa ba. Kwalin nan shi ke rufa musu asiri." Muryarsa ba ta tashi ba, amma kowa ya ji. "Muddin muna da kaza a cinya, ba sa ganin yunwarmu. Su kore mu, mu koma mota mu ƙoshi, kowa ya kwana lafiya. Shekara nawa muna sauƙaƙa musu? Ni na daina. Ba zan ƙara cin abinci a kwali ba sai na ci a kan teburin nan."

"Kazata ce ta kafa dokar wariyar, Cleophus?"

Ya naɗe ƙafafunsa ya shiga mota.

Ta tsaya da kwalin a hannu har ƙura ta lafa. Maganar ta yi mata ciwo, ciwon da ba ta taɓa ji ba ko a bakin farar fata, don su ba ta taɓa sa ran komai daga gare su ba. Wannan kuwa yaron da ta ciyar ne, a gaban jama'a ya ce aikin rayuwarta taimakon Hatcher ne.

An zuba musu sukari a ka, an watsa musu shayi, kafin la'asar 'yan sanda suka kwashe su. Washegari da rana sai ga Mis Ozella a gidan yarin Marston, ta sake sabuwar suya, Purvis na biye da ita da kwalaye har haɓa. Gandiroba ya tsattsaga kek ɗin da fensir yana neman abin da shi kaɗai ya sani, sannan ya shigar. Kwali goma sha uku suka dawo da ƙashi. Na goma sha huɗun ya dawo da nauyinsa, an mayar da murfin a hankali, ko ɓarɓashi ba a taɓa ba.

Purvis ne ya cinye, kwana biyu yana fama. Yakan ce shi ne mutum na farko da ya ci ribar gwagwarmaya a gundumar. Ta kakkaɓe kwalin, ta ɗora a saman kabad, ta hana a taɓa.

Shekara huɗu ba su yi magana ba. Wata babbar ƙungiyar ƙwallon kwando a arewa ta ɗauke shi, ya zama wanda ake kiran sunansa a rediyo, mai sharhi yana shaƙewa. A shagon aski aka manna hotonsa. Aka ji ya ƙi buga wasa a wani gari saboda otal ya hana shi da abokansa baƙaƙe zama a ɗakin cin abinci, jaridu suka yi ta zaginsa, mu kuma muka yi ta tafiya da ƙirji a gaba. Idan ana wasansa Mis Ozella takan ce ita ba ta da lokacin jin hayaniya, sai ka ga tana goge tebur ɗin da rediyon yake kai, tebur ɗaya, har a tashi.

Sai kuma ga wani abu. Duk bayan wata biyu, mai kai wasiƙu yakan sauke ƙunshi a ƙofarta: kwalayen takalmi lamba goma sha bakwai, uku ko huɗu, babu komai a ciki, ko 'yar takarda.

"Gaisuwa ce," in ji Purvis.

"Ko habaici."

"Haba Zella. Wa zai yi ta aiko da habaici tun daga can, har da tambarin gidan waya?"

"Mai dogon hannu."

Ta yi amfani da su dai, don kwali ba shi da laifi, kuma sababbin 'yan wasa har dambe suke yi a kan wanda zai riƙe na Cleophus Rayford. Amma abin yana cin ta. Tana tsaye a gaban man suya yana tafasa sai tambayar ta zo mata, shin ciyar da yaran nan take yi, ko koya musu haƙuri da wulaƙanci? Ta ci gaba da suya, don ko me ake ciki ranar Juma'a akwai wasa, kuma yaro mai yunwa ba ya tsalle. Abu ɗaya take roƙon Ubangiji, kada ya ɗauke ta sai yaron nan ya sake cin abincin hannunta.

A watan Yulin 1964 aka sa hannu a dokar da ta hana korar mutum daga gidan abinci saboda launin fatarsa. Bayan kwana tara, wata doguwar mota ta tsaya a ƙofar gidansu. Tana ɓare wake a baranda. Ya fito, ya ƙara faɗi, ya tsayar da gemu, amma tafiyar tana nan, ta mai ba da haƙuri. Ya cire hula.

"Mis Ozella."

"Ka rame."

Bai rame ba ko kaɗan. Ya yi ta juya hular a hannu, sannan ya ce, "Gobe ki sa hularki ta coci. Zan kai ki cin abinci Marston, ke da Mista Purvis."

"Ina da abinci a gidana."

"Na sani. Ƙarfe goma sha ɗaya zan zo."

Shekararta hamsin da bakwai, ta ciyar da rabin gari, amma ba ta taɓa zama a gidan abinci wani ya kawo mata faranti ba. Ta rantse wa Purvis ba za ta shirya komai ba. Wanda ya ƙi abincinka a gaban coci, ba ka sake bin sa da shi, ai mutum yana da zuciya. Purvis ya ce gaskiya ne. Da gari ya waye ƙamshi ya tashe shi, ya tarar da kaza tana hucewa a kan waya, tsohon kwalin an sauko da shi daga saman kabad.

"Zella, ina rantsuwar?"

"Hannuna ne, ba ni ba ce. In muka je suka ce ba su ji labarin dokar ba fa? Takarda ce. Ka taɓa ganin wanda ya ƙoshi da takarda? Ni ban iya haye gada hannu wofi ba, uwata ba ta koya mini ba." Ta ɗaure igiyar, ta nuna shi da yatsa. "Kuma in ka bari ya sani, kai da kek sai a lahira."

Ta naɗe kwalin a mayafinta na coci. Da motar ta zo, Purvis ya janye Cleophus wai ya nuna masa injin, ita kuma ta tura ƙunshin ƙarƙashin kujerar baya. Sai dai watan Yuli ne, ana tsananin zafi, kuma soyayyar kazar Mis Ozella ba a ɓoye ta da mayafi. Kafin su fita gari motar ta cika da ƙamshi. Purvis ya ɓarke da waƙar coci da iyakar muryarsa, kai ka ce waƙa tana rufe ƙamshi. Cleophus yana tuƙi, idonsa a kan hanya. Suka haye gada, babu wanda ya dubi wani.

Koren labulen yana nan, ya ɗan koɗe. Cleophus ya buɗe mata ƙofar gaba, ya sunkuya ya bi bayanta. Cokula suka tsaya. Wasu mutum biyu suka tashi suka fita, abincinsu ko rabi ba su ci ba, asararsu. Mista Hatcher yana tsaye a bayan kantarsa, ya tsufa, fuskar nan kamar an ba shi maganin ɗaci. Cleophus ya ja mata kujera a teburin tsakiya mai farin ƙyalle. Ta zauna a tsorace, ta ɗora jakarta a cinya.

Wata budurwa farar fata ta zo da takardar rubuta abin da za su ci. Cleophus ya ce a kawo kaza, faranti uku. Aka kawo.

Mis Ozella ta sa tabarau. Ta juya kazar da cokali mai yatsu, ta latsa fatar, ta ɗan gutsura. Ta tauna ta daɗe. Tsoron da ta shigo da shi ya bi iska.

"Da zafinta suka rufe ta," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ta yi gumi. Gishirin ma ko gaisawa ba su yi ba. Cleophus, a kan wannan aka zuba maka sukari a ka? Wannan suka yi shekara da shekaru suna gadi?"

Purvis ya ƙware da dariya har sai da ya sha ruwa. Cleophus bai yi dariya ba. Ya ci a natse, loma bayan loma, hannu ɗaya a gefen farantin, har ya share shi da burodi. Ya goge baki, ya ninke ƙyallen, ya miƙe ya fita.

Mis Ozella ta bi shi da kallo. Ta ce shi ke nan, bakinta ya ja mata. Ranar da yaro ya yi shekara bakwai yana jira, ita ta zo ta yi masa ba'a a kai.

Ƙofar gaba ta sake buɗewa. Ya shigo riƙe da kwalin a hannu biyu, mayafin a kafaɗarsa. Ya ratsa tsakiyar ɗakin, ya ture farantin gefe, ya ajiye kwalin a kan farin ƙyallen. Sunansa yana nan a murfi, fensir ɗin ya dushe.

Hatcher ya yi gyaran murya. "Ba a shigo da abincin waje nan."

Purvis ya juya da kujerarsa, cikin ladabin nan nasa da ke sa mutum ya rasa ta inda zai kama shi. "Mista Hatcher, ranka ya daɗe, shekara talatin kana ce mana mu je mu ci namu. Ai maganarka muka bi."

Wani a teburin gefe ya yi tari mai kama da dariya. Hatcher ya juya ya shige kicin.

Cleophus ya zauna, ya dubi kwalin, ba ita ba. "Ranar da aka mayar miki da shi a gidan yari, bango na fuskanta na yi kuka. Mutum goma sha uku suna tauna a bayana. Ban yi nadamar zaman da muka yi ba, Mis Ozella, ko yau zan sake. Amma maganar da na faɗa miki, ba ke ta dace da ita ba. Haushin wani na sauke a kanki, don ke ce ba za ki kira mini 'yan sanda ba. Duk tsallen da na yi a duniya daga cikin kwalin nan ya fito. Na rasa yadda zan rubuta, shi ya sa nake ta aiko da kwalaye."

"Na ce miki gaisuwa ce," in ji Purvis.

"Kai, rufe mana baki."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba, ta bar shi a gaban kowa. Daɗi take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba. Sai ta lura ya ɗora manyan yatsunsa a kan ƙullin igiyar, ya tsaya, bai ja ba.

"To, me kuma kake jira?"

"Tun ɗazu muka haye gada," ya ce. "Ba ki ce komai ba."

Ta gyara hularta. Ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda take yi a bas, har na cikin kicin sai da ya ji.

"To, buɗe."

Ya kwance igiyar, ƙamshi ya cika gidan abincin Hatcher. Hannunsa ya zarce kusurwar dunduniya, ta kai masa duka a bayan hannu, ya dawo kan kaza. Mutumin da ya gama share faranti ya ci kaza guda, da ƙwai, da burodin masara, sannan kek, har ɓarɓashin ya tattara da yatsa. Budurwar nan ta zo ɗaukar farantai ta kasa tafiya, Mis Ozella ta ce mata ta gaya wa mai dafa musu ya riƙa barin kaza ta huce.

Da ya gama ya jingina da kujera. Ta jawo kwalin gabanta, ta sa tabarau, ta bi ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya. Ta zaro fiffike, ta ɗaga shi a haske, ta tura masa.

"Duk sunan da ka yi, har yanzu ba ka iya ba. Akwai nama a jikinsa."

Ya karɓa ya side shi tas.